Ɗanyen Fenti a Jikin Akwati

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Yara suna nan ƙalau, Inna ma ciwon bayan ya yi sauƙi. Baban yara kuwa har yanzu yana asibiti. Ƙafar dai ba ta tsira ba, Yaya, an yanke ta daga gwiwa.

Ka san aikinsa a tashar jiragen ruwa, shi ke ɗaura wa kaya sarƙa kafin ƙugiya ta ɗaga. Doka ta ce duk kayan da ya kai tan ɗaya sai an rubuta nauyinsa ɓaro-ɓaro a jiki kafin a loda shi a jirgi, kuma da wannan rubutun yake zaɓar sarƙa. To, masu kayan sai suka samu wani tsohon akwati mai rubutun tan biyu, suka cusa masa injin tan biyar, ba su ko goge tsohuwar lambar ba. Ya sa sarƙar tan biyu, ta tsinke a sama, akwatin ya faɗo masa a ƙafa. Washegari, abin mamaki, sai ga tan biyar raɗau a jikin akwatin! Yanzu manaja na cewa wai sakacinsa ne, wai ko bai iya karatu ba ne. Mutumin da ya yi furfura a bakin ruwan nan!

Abin da ke ci mini rai shi ne, Autanmu ne mai fentin tashar. Na ritsa shi a tsakar gida, ya yi ta kame-kame, daga baya ya fashe da kuka. Ya ce manaja ne ya sa shi ya sauya lambar, ya ce masa gyara ne kawai, kuma in ya yi surutu a bakin aikinsa. Na ce masa ga aikinsa nan ya riƙe, wani kuwa ƙafa ya rasa, yanzu kuma ana neman a raba shi da mutuncinsa. Wallahi raina a ɓace yake, ko ganinsa ba na son yi. Baban yara bai sani ba. Kullum Auta ke tallabarsa zuwa banɗaki, shi kuwa yana ta sa masa albarka, ina zaune ina ji.

Masu bincike za su zauna mako mai zuwa. Auta ba ya tsallake maganarka, don Allah ka kira shi ka ce ya faɗi gaskiya da bakinsa. In ya yi shiru ni zan miƙe in faɗa, kuma sunan ɗan'uwana zan fara kira. Kada ka ce ban gaya maka ba.

Ka gaida Maman 'Yan Biyu da Kawu, Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Uwar Yara