Sunan Abdussamad a Ƙasan Shafi

Anka, 22 ga Satumba

Ƙanena Nafi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Kawu Namadi da iyalinsa. Tun da aka rufe layukan waya ba mu ji muryarka ba, shi ya sa na ba direba takardar nan.

Yau kwana arba'in da biyu da yayanka Abdussamad ya tafi haƙar zinari wajen Bukkuyum, ba labari. Jiya Mansura maƙwabciyarmu ta dawo daga Sakkwato. Ta ce ranar Talatar makon jiya ta buɗe dandalin nan na intanet da ka haɗa wa matasan yankinmu, ta ga sunan Abdussamad a ƙasan shafi, cikin waɗanda aka rubuta suna nan yanzu. A gaban Inna ta faɗa. Inna ta tashi zaune, har ta nemi tuwo.

Kai ka haɗa abin, kai ka san shi. Inna ta ce in tambaye ka: yana raye?

Yayarka,
Basira

Gummi, 24 ga Satumba

Yaya Basira,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki jiya da la'asar. Ki gaishe da Inna, ki ce ina yi mata addu'a.

Yau da safe na je tudun da ke kan hanyar Kabbi, inda sabis ke kamawa, na duba. Mansura ba ta yi ƙarya ba. Amma bari in faɗa miki yadda jerin nan yake aiki. Duk wayar da aka shiga dandalin da sunan mutum, in ta buɗe shafi, ina ajiye lokacin. Sunan zai tsaya a jerin minti goma, sannan ya ɓace. Jerin bai san fuska ba, waya ya sani.

Sunan Yaya ya fito sau uku tun da aka rufe layi: ranar 7 ga wata da ƙarfe 11:06 na safe, ranar 14 da 11:20, ranar 21 da 10:52. Bai rubuta komai ba. Na tura masa saƙo na zauna awa biyu ina kallon allon, ba amsa.

Abin da na sani shi ne wayarsa tana aiki, kuma tana fita inda ake samun sabis. Wanda ke riƙe da ita ban san shi ba. Don Allah kada ki ce wa Inna na ce yana raye. Ban ce ba.

Ƙanenki,
Nafi'u

Anka, 25 ga Satumba

Nafi'u,

Bayan gaisuwa. Na karanta wa Inna takardarka, na tsallake ƙarshenta, ta ce in koma in karanta duka, ta san ɗanta ba ya rufe takarda haka. Da na karanta sai ta juya fuska wajen bango.

Shekara huɗu kana jami'a, abin da ka kawo mana ke nan, minti goma? Kalma ɗaya tsohuwa ta roƙe ka. Wa zai riƙe wayar Abdussamad in ba shi ba? In kana tunanin wani abu, fito ka faɗa, ka daina jera mana ƙarfe kaza da minti kaza. In kuma ba ka sani ba, ka tashi ka nemo.

Allah ya sa mu ji alheri.
Basira

Gummi, 27 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna. Faɗanki ya same ni, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Kawu ya ce na ishe shi da shiga da fita.

Na koma tudun jiya, na sake bin lokutan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ya wuce ni da farko. Ranakun nan uku duk Talata ne. Kuma ba shi kaɗai yake fitowa ba. Sunaye biyar ne suke bayyana a jere cikin minti shida, duk mutanen Bukkuyum, su ɓace a jere. Ɗaya daga cikinsu Jibo ne, direban da ke jigila tsakanin Bukkuyum da nan.

Na tambayi masu zama a tudun. Sun ce tun da aka rufe layi mutanen Bukkuyum suke tara wayoyinsu su ba Jibo. Yakan kawo su duk Talata, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya har saƙonni su shigo, ya mayar wa masu su.

A nan laifina yake. Ni na tsara shafin ya riƙa sabunta kansa, don jerin ya zama na yanzu. In mutum ya bar shi a buɗe a wayarsa, da an kunna data sunansa zai fito, ko da shi yana wani gari. Ban taɓa tunanin za a ɗauko wayoyi a buhu ba. Na rubuta "suna nan yanzu", alhali ba su nan.

Saura tambaya ɗaya: wa yake ba Jibo wayar Yaya, wa yake karɓa? Ko shi ne, ko wani da ta faɗa hannunsa. Gobe Talata. Zan je in jira Jibo tun ƙarfe tara. Ki bar wannan takardar a wurinki tukuna.

Ƙanenki,
Nafi'u

Bukkuyum, 29 ga Satumba

Yaya Basira,

Assalamu alaikum. Wannan ki karanta wa Inna duka.

Yaya yana raye. Na gan shi da idona jiya da ƙarfe huɗu, a zauren gidan Jibo, yanzu ma yana gefena.

Jibo ya zo tudun da waya talatin da ɗaya, har da ta Yaya, kowace da sunan mai ita a takarda. Da farko ya ƙi magana, ya ce an sa shi alkawari. Na shiga motarsa na ce to ba zan sauka ba, kuma ban sauka ba har Bukkuyum.

Rami ne ya rufta wa Yaya a ƙafar hagu ranar 20 ga Agusta. Mai ɗori ya ɗaure ta, yana takawa da sanda. Na tambaye shi me ya sa yake aika wayar duk mako, alhali ya san babu layi a Anka. Ya ce ko da wani ya fita gari ya turo labarin Inna.

Da na tambayi abin da ya hana shi komawa gida, ya ce kunya yake ji, ya fita da ƙafa biyu ba da son Inna ba, ba zai shiga Anka yana dogara sanda ba. Na ce masa, "Yaya, Inna ba ƙafarka take jira ba." Sai ya tambayi Jibo yaushe motarsa za ta Anka.

Jibi ne, Juma'a. Ki shimfiɗa masa a ɗakin da ba shi da dakali.

Ƙanenki,
Nafi'u