Daren Da Na Hana Ki Zuwa Bakin Tabki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan lafiya lau muke. Matata Ramatu na gaishe ki, yara ma haka. An yi kaka, gero bai yi laifi ba, tabkin Madarumfa kuma ya cika har ya ci gefen lambuna.

Na sake ɗaukar hutu daga wurin aiki a Yamai, kuma a ɗakinki nake zaune ina wannan rubutu. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na kuma san mutane za su karanta ta, har da waɗanda suke ganina da mutunci. Da gangan na yi, Inna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na gaji da ɓoyon nawa.

Ni ne ɗanki na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ina yaro “wancan” nake, da na samu aiki na koma “mutumin Yamai”. Ba ki cin abinci a gabana. Ba ki roƙona komai kai tsaye. In kina son abu sai ki faɗa wa wani a inda zan ji, ko ki faɗa wa bango. Kunya ce irin ta iyayenmu, na tashi a cikinta, na san hanyoyinta kamar yadda na san hanyar rijiya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban gane ba.

A gidan Anna aka haife ki, wajen Gabi, cikin masu bin addinin kaka da kakanni. Kin musulunta kin auri Baba, yayanki Kawu Nomau kuwa ya tsaya kan abin da ya gada, da tsafinsa da gangarsa ta noma. Ku biyu kaɗai kuka rage a ɗakinku. Shi ya goye ki bayan rasuwar uwarku, kin sha faɗa wa mata haka ina ji.

Ina tuna ranar sunan autarki. Kawu ya taho da gangarsa a kafaɗa, ya sha burkutu kaɗan, yana murna. Baba ya tare shi a zaure gaban malamai ya ce ya koma. Kawu bai yi faɗa ba. Ya dafa ƙasa da tafin hannu ya ce, “In ƙahwata ta sake taka zauren ga, ƙasa ta cinye ni.” Ke kina ciki da jaririya a cinya, kin ji komai, ba ki fito ba. Daga ranar ba ku sake haɗuwa ba sai sau biyu a kasuwa, a tsaitsaye.

Baba ya rasu, gida ya dawo hannuna. Da na je na ba Kawu haƙuri, ko da bai shigo ba, ai da na kai ki wurinsa. Ban je ba. Ciwon suga ya ci ƙafafunki, hanyar ƙauyensu kuma ta lalace da ɓarayin daji, mota ba ta son bi. Na samu dalilai masu kyau na jingina da su. Gaskiyar kuwa ita ce na riga na gaya wa dangin Ramatu cewa mu gidan malamai ne gaba da baya.

Bara war haka muka zo hutu, ni da Ramatu da mahaifinta, Alhaji. Ya ce yana so ya ga garin da ƴarsa ta yi aure. Mutum ne na sahun farko a masallaci, ina jin nauyinsa ƙwarai. Mako guda muka yi. Na kai shi kushewun waliyyai, na kai shi cikin kwalekwale, na nuna masa duk abin da zai ɗaga ni a idonsa.

Daren ƙarshe, Asabar, abu biyu ne a gabana. Wani abokin aiki ya ba ni katin shiga masaukin baƙin nan na bakin tabki, inda aka shirya cin abinci da wasannin gargajiya. Za a shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe, a ci tuwo da gasasshen kifi, makaɗa na kiɗa. Ɗayan kuwa wani babban otal ne a Maraɗi, mai tebura da farin ƙyalle da cokula jere. Na juya katin nan na ga sunayen makaɗa a bayansa. Na uku a ciki, Nomau na Gabi da gangar noma. Na cusa shi cikin aljihu kamar wanda ya tsinci kayan sata.

A lokacin ban san yadda labari ya same ki ba. Da hantsin Jumma'a kina tsintar wake a tsakar gida, ina zaune kusa ina latsa waya, kika ce da Ramatu, “An ce makaɗan noma na wajen Gabi za su taho bakin tabki gobe. Ni dai ji na yi ana hwaɗi.” Ba ki ɗaga kai ba. Can kuma kika ƙara da cewa, “Wurin ma ba nisa. Ko mai ciwon ƙahwa ya iya, in an kama mishi.”

A duk rayuwarki ba ki taɓa matsowa kusa da roƙona kamar ranar ba. Na yi kunnen uwar shegu. Ramatu ƴar birni ce, ba ta san zancen Kawu ba, amma ta ji wani abu a muryarki. Ta same ni a ɗaki ta ce, “Ina ga Inna can take son zuwa.” Na ce mata ai Inna ba ta ce ba. Na ce wa zai kai uwarsa ta zauna a tabarma cikin sauro, ga wurin manya? Na ce shekara nawa kina cin tuwo, a bar ki ki ɗanɗana abin duniya ko sau ɗaya ne. Har ni kaina na kusa yarda da maganata.

Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, Inna. Na san ba za ki taɓa buɗe baki ki ce mini “kai ni” ba. Kunyar da kike yi mini don girmama ni, ita na kama na ɗaure ki da ita.

Da yammar Asabar kika sa zanenki na salla. Aka kama miki kika shiga mota, ba ki tambayi inda za mu ba. Da muka bar tabki a baya muka hau hanyar Maraɗi, na hange ki a madubi kin juya kina kallon baya, sannan kin gyara mayafi kin zauna daidai.

Tebur ɗaya aka ba mu, kujera huɗu. Sai da muka zauna na ga ɓarnar da na yi. Ga ni ɗanki na fari a gabanki, ga surukina Alhaji a damanki, ga fitila ta haske ko'ina, ba lungu ba labule. Ko ɗaya daga cikinmu ya isa ya hana ki kai loma baki, ni kuwa na haɗa miki biyu. Sanyin wurin ya sa ki rawar ɗari. Ma'aikacin otal ya kawo romo, ya dawo ya ɗauke shi yadda ya ajiye. Ya kawo kifi da aka zare wa ƙaya, shi ma ya huce a gabanki. Hannuwanki na cikin mayafi.

Alhaji dattijo ne, ya gane. Ya miƙe ya ce zai je ya yi waya, ya fita ya daɗe a waje don ki samu sarari. Ramatu ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, wai ni ma in tashi. Ban tashi ba. Haushi ne ya kama ni, haushin kin ƙi taya ni ƙaryata. Na dube ki ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, “Inna, ki ci mana. Wannan zamanin ya wuce.” Kika juya wajen Ramatu kika ce a hankali, “Ki ce mishi na ƙoshi.”

Ana kiran lisha muka kamo hanyar gida. Da muka kusa tabki, iska ta kawo mana kiɗa. Alhaji ya sauke gilashi ya saurara, ya ce, “Kai, gangar noma! Ubana manomi ne, da ita aka rene ni. Isuhu, da ka faɗa mini akwai wannan, ai da can muka je.” Mutumin da na yi duk wannan ɓoye-ɓoye saboda shi ke nan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ke kuwa kin jingina goshi da gilashi. Ga ƙofar masaukin nan muna gani, da fitilunta, ga katin a aljihuna. Kika ce, ba da kowa ba, “Hannun nan ya tsuhwa.” Ƙafata na kan birki, Inna, wallahi tana kai. Na tuna zan shiga in durƙusa gaban tsoho mai layu da warin burkutu in ce masa Kawu, Alhaji na kallo. Na taka mota muka wuce. Da asuba muka koma Yamai, kika yi mana addu'ar hanya ta bakin Ramatu kamar kullum.

Da bazara aka kira ni ina wurin aiki. Kafin in iso an yi miki wanka.

Ranar uku, muna zaman makoki, aka ce mini ga wani tsoho can gindin bishiyar bedi ya ƙi matsowa. Kawu ne. Da ƙafa ya taho daga ƙauye, ba ganga, ya rame har ban gane shi ba sai da ya ɗago. Na durƙusa na gaishe shi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Ya ce shi makaɗin gona ne, bai taɓa kiɗa inda ba a riƙe da hauya ba. Abin kunya ne a wurinsa ya kaɗa wa mutane suna cin tuwo suna ɗaukarsa hoto. Sau biyu masu masaukin suna aika masa yana ƙi. Da aka ce masa a Madarumfa ne, kuma ba cikin gidan kowa ba, sai ya yarda, ya aiko miki da saƙo ta wata mai sayar da daddawa. Ya ce akwai taken da ubanku ke kaɗa miki kina yarinya in kin kawo fura gona. “Sau ukku ina kaɗa mata shi, ina kallon ƙohwa. Har masu wurin sunka ce in canza kiɗi. Na ce ko ba ta ji ba.”

Kin ji kiɗan, Inna. Ina wurin. Amma ban gaya masa ba. Sai na ce masa ya shigo ya sha ruwa, Baba ba ya nan, gidan nawa ne yanzu, na roƙe shi har da hawaye. Ya dubi zauren nan ya daɗe, sannan ya ce, “Wadda zan shiga don ita ta hita.” Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Gobe in Allah Ya kai mu zan bi hanyar Gabi, ko da mota ko da ƙafa. Zan gaya masa kin ji kiransa, kin gane hannunsa, kuma ni ne na ƙi tsayar da mota. Ban san ko zai saurare ni ba. Ban ma san ko zan tarar da shi da rai ba, an ce tun damina yake kwance.

Inna, na zalunce ki. Kin tafi ba ki faɗa ba, kuma na san ko da kin ƙara shekara ashirin ba za ki faɗa ba. Ki yafe mini, in ana yafiya daga inda kike. Ya Allah Ka jiƙan mahaifiyata, Ka haskaka kabarinta, Ka shayar da ita daga tabkin Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka tausasa zuciyar Kawu, Ka shirye shi, Ka ba ni ikon riskarsa yana numfashi. Ka sa kada ƴaƴana su yi mini abin da na yi, ko da yake na cancanta. Amin.

Wassalam.

Ɗanki,
Isuhu