Jan Ɗigo a Kan Sunan Malam Garga

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Ayyukan Bincike,
Cibiyar Nazarin Noman Rani da Kiwo,
Yawunde.

Daga:
Raliya Abdussamad,
Ɗalibar digiri na uku, Sashen Hatsi,
Gidan Alhaji Altine Tela, Unguwar Briqueterie.

Laraba, 12 ga Afrilu, 2017 (15 ga Rajab, 1438)

Game da: Rahoton Kwamiti mai lamba 07/17, da tabon da ya shafa wa marigayi Dakta Garga Sali, da sharaɗin da aka gindaya wa kundina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar shugabanci, ina neman izinin gabatar da kukana. Na rubuto wa ofishinka da Faransanci ranar 10 ga Maris, na sake rubutowa ranar 27, kuma duka takardun biyu an buga musu hatimin karɓa a gabana. Har yau ko tari ban ji ba. Shi ya sa na rubuto wannan da Hausa, domin na san kana jin ta, kuma akwai abin da na kasa faɗa da Faransanci.

Ni ɗaliba ce ga marigayi Dakta Garga Sali, wanda muke kira Malam. Shekara bakwai ina aiki ƙarƙashinsa a kan masakwa, dawar da ake dasawa a firki, wato baƙar ƙasar laka mai tsagewa da rani, bayan ɗaukewar ruwa, a gonar gwaji ta Cibiya da ke can arewacin ƙasa, tsakanin Mora da Waza. Ya rasu ranar 9 ga Maris, 2016, a nan unguwarmu. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ranar 14 ga Fabrairu, 2017, Kwamiti ya fitar da rahoton da na ambata. Bisa bayanin shafi na biyu, an zuba maƙalun malaman Cibiya na shekara goma cikin wata manhaja. Kowane marubuci ta mai da shi ɗigo. Duk lokacin da wani ya kafa hujja da aikin wani a maƙalarsa, sai ta ja zare tsakaninsu. In mutum biyu sun taɓa sa sunayensu tare a kan maƙala ɗaya, manhajar ba ta lissafa ambaton da suka yi wa juna, ta ɗauke shi maganar cikin gida. Amma in ba su taɓa haɗa suna ba, kuma fiye da sittin cikin ɗari na ambatonsu yana kewayawa ne tsakanin 'yan mutane ƙalilan, sai ta shafa musu ja, a matsayin masu yabon juna don cika lissafi. A shafi na tara akwai jajayen ɗigo huɗu. Mafi girmansu shi ne Malam. Mafi ƙanƙanta ni ce.

2. Ba na musun lissafin, ranka ya daɗe. Na zauna da biro na ƙirga da kaina, ya fito daidai. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, ba wanda ya tambayi dalili, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Malam yana da wata al'ada da duk wanda ya zauna da shi ya sani: ba ya yarda a sa sunansa a kan maƙalar ɗalibinsa. Zai karanta maka rubutu sau biyar, ya cika shi da jan biro har ka rasa inda naka yake, ya ba ka littattafan awonsa na shekaru ka kwafa, amma ranar da za a aika wa mujalla sai ya ce wanda ya shiga laka har gwiwa shi ne mai takarda. A watan Mayun 2012 na gwada sa'ata, na buga sunansa a gaban nawa a maƙalata ta farko. Ya soke shi da layi biyu, ya rubuta a gefe cewa in ina son gode masa, in faɗi inda na samo kowace magana, ya ishe shi. Haka ya ɗauko daga makarantar mahaifinsa, inda ba a kawo mas'ala sai an faɗi malamin da aka ji ta a bakinsa. Shi ma haka yake yi mana. In ya ɗauki lamba ɗaya daga awon da na yi, sai ya rubuta sunana da shekara da shafi, kamar wata babbar farfesa.

Ka duba yadda abin ya juya. Da Malam ya bi hanyar da aka saba, ya liƙa sunansa a kan kowace takardar da ta fita daga hannun ɗalibansa, da manhajar ta goge zaren nan duka, da yau ɗigonsa fari ne tas. Ban ambaci sunan kowa ba, kuma ba ni da niyya. Amma akwai masu maƙala tamanin a Cibiyar nan da ba su taɓa ganin firki da idonsu ba, kuma rahoton ya wanke su. Mutumin da ya ƙi cin gumin ɗalibansa shi aka kama.

3. Rahoton ya ce da'irarmu ta yi ƙunci. Gaskiya ne. Ina roƙon a ba ni dama in gabatar da mutanen da ke cikinta, tunda manhajar ba ta san su ba.

Ɗigo na biyu Zakiyyu Babba ne, ɗalibin Malam na farko. Ranar 18 ga Oktoba, 2014, ya hau babur ya tafi duba dashen da aka yi a gonar gwaji, lokacin hanyar ta riga ta fara lalacewa da 'yan bindiga. An tsinci babur ɗin. Shi kuwa har yau ba gawa ba labari, mahaifiyarsa ta ƙi yarda a yi masa sadakar uku. Ɗigo na uku Fanta Ɗanjuma ce. Bayan an rufe gonar a watan Disamba na shekarar, ta ajiye karatu, yanzu tana unguwar Nkomkana tana sayar da atamfa tana riƙe da 'ya'yan yayanta da suka gudo. Na huɗu ni ce. Na ɗaya yana kwance a maƙabarta.

Waɗannan su ne 'yan ƙungiyar da aka ce sun haɗa baki. A da baƙi masu bincike sukan zo daga nesa, su yi mako biyu, su koma su rubuta, mu ambace su su ambace mu. Tun da aka fara kashe-kashe ƙafarsu ta ɗauke, kuma ban ga laifinsu ba. To wa zan kafa hujja da shi a kan zurfin tsagewar firkin Waza a watan Janairu, in ba wanda ya durƙusa ya zura sanda ya auna ba? Mu huɗu ne muka auna. Ba mu muka ƙuntata da'irar ba.

4. Ranar Litinin 20 ga Fabrairu aka liƙa shafi na tara a allon sanarwa na ƙofar Cibiya, da sunaye ɓaro-ɓaro, ba tare da an kira ko ɗayanmu ba. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Manhaja ba ta da ido ba ta da kunya, abin da aka ba ta shi ta auna. Amma hannun mutum ne ya ɗauki takardar ya buga mata ƙusa a inda kowa ke wucewa.

Ka san unguwarmu, ranka ya daɗe. Maganar da aka yi da hantsi a wajen masu suya, kafin la'asar ta gama zaga shagunan teloli. Wani ya ɗauki hoton takardar a waya. Kafin mako ya zagayo, a gidan suna a unguwar Madagascar, wata mata ta yi wa Hajiya Tasalla, matar marigayin, jaje a gaban jama'a, wai ta ji an kama mijinta da satar ilimi. Hajiya ba ta karanta Faransanci. Ta aiko aka kira ni, ta zaunar da ni a ɗakin da Malam ya yi jinya, inda har yanzu kwalaben irin masakwa talatin da ɗaya da ya gudo da su suke jere a kan kanta. Ta ce in dubi girman Allah in gaya mata abin da ya sata, da wanda ya sata wa, domin ta je ta nemi yafiya kada a tsare shi a kabari. Na yi ta bayanin ɗigo da zare. Ta saurare ni har na gama, sannan ta sake tambayata ko akwai wanda ke binsa haƙƙi. Na fito ina kuka a titi, ba na jin kunyar rubuta wannan a takardar ofis. Tun ranar ba ta sake zuwa taron mata ba.

5. Ranar 3 ga Maris na sami wasiƙa daga sakataren Kwamiti cewa an dakatar da ranar kare kundina. An ce na ambaci Malam sau arba'in da ɗaya, in rage zuwa goma ko ƙasa da haka kafin 30 ga Afrilu, in ba haka ba fayil ɗina ya fita daga jerin bana. Da na je neman bayani, sakataren ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce abin mai sauƙi ne, in bar lambobin yadda suke, in cire sunan kawai, ba mai bin diddigi. Na tabbata taimakona yake nufi. Sai dai ban gane ba: an zarge mu da rashin gaskiya don mun faɗi inda muka samo, kuma maganin da aka ba ni shi ne in ɗauki awon mamaci in ce nawa ne. Abin da aka ce Malam ya yi, bai yi ba. Ni ake so in yi shi, da hatimin Cibiya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) a cire shafi na tara daga allon sanarwa;

(b) Kwamiti ya sa mutum, ba manhaja ba, ya karanta wurare arba'in da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka samu na ado ne, ba hujja yake ɗauke da ita ba, zan cire shi a gabanku ba gardama;

(c) a gyara ƙa'idar awon, ta riƙa la'akari da malami da ɗalibinsa ko da ba su haɗa suna ba, da kuma fagen da rikici ya kore wa masu bincike;

(d) in an tabbatar da abin da na faɗa, a ba da takarda mai hatimi, ko layi uku ne, cewa Dakta Garga Sali bai ci haƙƙin kowa ba. Ni zan kai wa Hajiya Tasalla, in karanta mata da Hausa.

Game da wa'adin 30 ga Afrilu kuwa, ina sanar da Kwamiti tun yanzu don kada a jira ni. Ina son digirin nan. Mahaifina ya tsufa a kan keken ɗinki yana jiran ranar, ya ma riga ya yanka yadin rigar da zai sa. Amma kundin zai zauna yadda yake. Sau ɗaya aka taɓa soke sunan Malam a takardata, kuma shi ya soke da hannunsa. Ba zan zama ta biyu ba.

Na haɗo da kwafin wasiƙuna biyu na baya, da wasiƙar sakatare, da ainihin shafin nan na watan Mayun 2012 mai jan biro. Shi kaɗai ne rubutun hannunsa da ya rage mini, ina roƙon a dawo mini da shi in an gama dubawa.

Allah ya taimaki Shugaba, ya sa a gama lafiya. Ka huta lafiya.

Mai biyayya gare ka,

Raliya Abdussamad
Ɗalibar marigayi Dakta Garga Sali