Akuyar Malam da Sauran Kwanakin Takabata

Zuwa ga Babban Jami'in Duba-gari na ƙaramar hukumarmu, a nan Minna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na kawo maganata bainar jama'a. Sau biyu na aiko maka da takarda, sau biyu ana cewa ka fita zagaye. Ban sani ba ko sun iso teburinka. Lokaci kuma ya ƙure mini, shi ya sa na ba da wannan a buga, ko wani da ya san ka zai karanta ya gaya maka.

Sunana Malama Asabe. Na koyar a firamare har na yi ritaya. Maigidana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin Bida, aiki ne ya kawo shi Minna muka zauna. Yau wata huɗu da kwana biyu da rasuwarsa, ina cikin takaba. Allah bai bar mana ɗa ba. Biyu muka haifa, duka sun koma tun suna goye. Abin da Malam ya bar mini mai numfashi a tsakar gida akuya ce guda, ja, mai tsagaggen kunnen hagu. 'Yar Kuta yake ce mata, don a kasuwar Kuta ya sayo ta. Yau Laraba, kwananta tara ke nan a ɗaure a bayan ofishinka.

Na farko, ba na jayayya da dokarku. Na san ɓarnar akuya. Na ga wadda ta kayar da ɗan acaba da fasinjarsa a bakin layinmu, na kuma san takaicin macen da ta shanya garin alabo ta dawo ta tarar da tabarma wayam. Da kuka zo da tsarin cewa duk mai kiwo a cikin unguwa ya karɓi takardar izini, ya ɗaure dabbarsa, ya riƙa kwashe kashinta, maza da yawa sun yi ta gunaguni a majalisa. Malam kuwa da sassafe ya sa hularsa ya je ya karɓo tasa. Har firam ya yi mata ya rataye a zaure, ina yi masa tsiya wai ya samo digiri a kan akuya. Takardar tana nan har yau, da sunansa da hatiminku.

Na biyu, yadda ta fita. Laifin nawa ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashe duk farkon damina Malam yakan canza mata igiya, don ruwa na ruɓar da ita. Shekara da shekaru yana yi, bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa lura ba. Abubuwa da yawa na gidan nan sai bayan ba shi na gane hannunsa ne ke riƙe da su. Ranar Litinin ta makon jiya mai ruwa ya turo kurarsa ya bar ƙofa a buɗe, ina ɗaki ina sallar walaha. Igiyar ta tsinke. Waɗanda suka gani sun ce ba ta wuce gida uku ba, tana cin ɓawon doya a gindin kwata, motarku ta tsaya aka jefa ta ciki. Ban ce yaranka sun yi ƙarya ba. A kan titi suka same ta, aikinsu suka yi.

Na uku, abin da ba su tsaya sun duba ba. Ko yaro ya kalli hantsarta ya san tana shayarwa. Kwananta goma sha biyu da haihuwa a ranar, 'ya'ya biyu, mace da namiji. Da cikin nan Malam ya rasu ya bar ta. Shi ya kai ta barbara da kansa, ya zagaye watan haihuwarta da biro a kalanda, bai kai ga gani ba. Tun da aka ɗauke uwar nake dama musu madarar gari ina ba su a bulumboti. Macen ta karɓa da ƙyar. Namijin ya ƙi, sai ya riƙa zagaya turken uwar yana kuka har muryarsa ta dushe. Ranar Lahadi da hantsi ya mutu a kan cinyata. Ranka ya daɗe, na san ɗan akuya ne, na san akwai masu babbar asara fiye da tawa a garin nan. Amma na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar bakwai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Macen tana nan, sai dai zawo ya kama ta tun shekaranjiya, ƙafafunta na rawa in ta miƙe.

Na huɗu, abin da ya faru a ofishinku. Ina da maƙwabciya, Maman Bulus, mutuniyar Kudancin Kaduna, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba addininmu ɗaya ba, amma tun da na shiga takaba ita ce ƙafata, ita ke yi mini cefane da niƙa. Ta kife kaskon ƙosanta sau uku ta hau Keke Napep ta zo wurinku. Zuwan farko ta kawo tarar da kuka yanka, aka ƙi karɓa, aka ce sai mai suna a kan takardar izini ya zo da kansa. Ta ce mai sunan ya rasu. Zuwa na biyu ta ciro takardar daga firam ta kawo, akawun ya duba ya ce takarda daidai take, amma dai mai ita ake nema, ko kuma shaidar mutuwa daga asibiti. Malam a ɗakinsa ya cika bayan azahar, kafin magariba an kai shi makwancinsa, kamar yadda muke yi. Wane asibiti ne zai ba mu takarda? Zuwa na uku ta tafi da mai unguwarmu, dattijon da ya ɗauki makarar da kafaɗarsa. A nan aka sassauta, aka ce to matar ta zo da ƙafarta ta sa hannu a gabansu. Mai unguwa ya yi musu bayanin takaba. Akawun ya ce ya sani, shi ma Musulmi ne, amma babu gurbin takaba a cikin fom.

Ban riƙe yaron nan a zuciya ba, abin da aka rubuta masa yake bi. Sai dai in ana sara ana duban bakin gatari. Waɗanda suka zauna suka tsara dokar nan a garin nan aka haife su, sun ga iyayensu mata sun yi takaba. Sun tuna da yawan dabbobin da gida zai ajiye, sun tuna da nisan turke daga rijiya, amma ba wanda ya tuna cewa mai takarda yana mutuwa ya bar mace a ɗaki.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni sukuni. An gaya wa Maman Bulus cewa dabbar da ta cika kwana goma sha huɗu ba a karɓe ta ba, gwanjonta ake yi. Kwana goma sha huɗun 'Yar Kuta ranar Litinin mai zuwa suke cika. Ni kuma takabata ranar Alhamis ta makon gobe take ƙarewa. Kwana uku ne tsakani. Na aika an tambayar mini malamai biyu. Ɗaya ya ce lalura tana fitar da mai takaba, ɗayan ya ce akuya ba ta kai lalura ba. Ni ba malamar addini ba ce. Abin da na sani shi ne shekara arba'in da ɗaya mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma zaman kwanakin nan shi ne abu na ƙarshe da zan iya yi masa. Na ƙudurta ba zan taka dokin ƙofa ba sai sun cika. Yanzu an sa ni zaɓi tsakanin haƙƙinsa da ke kaina da dabbar da ya bar mini amana.

Saboda haka ga roƙona. Ka ba da umarni a saki akuyar a hannun mai unguwa da Maman Bulus, su biya tara su sa hannu a madadina, ko 'yar da ta rage za ta samu nonon uwarta kafin ta bi ɗan'uwanta. In hakan ya saɓa wa tsarinku, ka turo ma'aikaciya mace da fom ɗin har ɗakina in sa hannu, ni zan biya mata kuɗin mota. In wannan ma ya gagara, ka ɗage gwanjon zuwa Alhamis, kuma a riƙa tatsar ta kafin nan, don na ji an ce hantsarta ta kumbura. Daga ƙarshe, in kun zauna gyaran doka, ku buɗe gurbi saboda matan da za su zo bayana, don ba a kaina mutuwar miji za ta ƙare ba.

Idan safiyar Litinin ta yi ban ji daga gare ka ba, zan fito. Ba zan iya zama a ɗaki ana tayin akuyar Malam a gaban mahauta ba. Za ka gan ni a bakin ofishinka da kayan takaba a jikina da sauran kwana uku a wuyana, in sa hannu a inda aka nuna mini, in ja abata in koma. In an tambaye ni ranar gobe ƙiyama abin da ya fitar da ni, zan faɗi gaskiya.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya raya maka zuriya, ya ja kwananka. Ranar da taka ta zo kuma, Allah ya sa iyalinka su samu wanda zai bar su su cika kwanakinsu a ɗaki.

Wassalam.

Malama Asabe,
matar marigayi mai takardar izini,
Minna.