Ƙafar Yaya Buba Ta Yi Sanyi

Zuwa ga Inna Barakatu,

Don Allah Inna ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Ban saba magana ba, balle rubuta wa jarida. Shekarata goma sha biyar, ina ajin ƙarshe a firamare, gidanmu yana wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Abin da na iya kawai shi ne in shige bayan rumbu da 'yan littattafan soyayyar nan da yayana Buba yake sayo mini a rumfar Romanus in ya shiga Funtuwa. Yakan yi mini tsiya, wai ko gobara aka yi sai na kai ƙarshen shafi kafin in tashi.

Da kasuwar auduga ta buɗe bana, Yaya Buba da abokinsa Jibo suka yi lodi a keken shanu. A hanya wata babbar mota ta yi ham, shanun suka firgita, keken ya kife cikin kwari. Wani ƙarfe ya yanki Jibo a bayan gwiwa, jini kamar an yanka rago. Shi Yaya ƙafar keken ce ta danne masa gwiwa har ta goce, amma ko ɗigon jini babu, fatar ma ba ta tsage ba. Direban motar ya ɗaure wa Jibo cinya da rawani, ya wuce da shi babban asibiti a Zariya nan take. Yaya kuwa gida aka kawo shi. Mai ɗori ya zo ya mayar da gwiwar, ya jera karan dawa ya ɗaure tamau. Duk wanda ya shigo sai ya yi barka, Buba ya auna arziki, Jibo ne sai addu'a.

Inna, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Jibo bai san ina yi ba, bai taɓa ce mini komai ba sai sannu, amma duk saurayin da na karanta a littafi fuskarsa nake sa masa. Ranar nan da na idar da magariba, Jibo na yi wa addu'a. Ƙafarsa na yi ta roƙo a bar masa. Yayana ko ambatonsa ban yi ba, tunda an ce ya tsira.

Washegari na kai wa Yaya kunu, ya ce in ja masa mayafi a ƙafa. Hannuna ya taɓa yatsunsa, na ji sanyi irin na gindin randa. Na matsa babban yatsan da ƙarfi, shi kuwa yana ta ba ni labarin shanun, bai san ma ina taɓa shi ba. Ni da ba na magana, ban san sa'ad da bakina ya ce ƙafar nan kamar ta gawa ba. Gwaggo Hajo, yayar Baba wadda ta raine mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ta buge mini baki da bayan hannu, ta ce in tofar da yawu, ba a yi wa majinyaci mugun fata. Na tofar. Ta ce ai sanyin alama ce zafin ciwo ya sauka. Aka kawo kaskon wuta aka ajiye kusa da ƙafar.

Sai da yatsun suka fara baƙi aka kai shi Zariya. Baba ya ce likitan ya fara tambayar yaushe abin ya faru, ya lalubi bugun jini a idon sawu, ya tsikari tafin da allura, ya matsa sha-raɓar ya ji ta yi tauri kamar itace. Sai ya ce zai buɗe ya gwada, amma kada a sa rai. Jibo kuwa, da ke kwance a ɗaki ɗaya da Yaya, tun ranar farko likitan ya ce yana sa ran tasa za ta rayu. Yadda ya faɗa, haka aka yi. An yanke ta Yaya daga saman gwiwa. Baba ya dawo da ita naɗe cikin farin ƙyalle, shi da liman suka binne ta a gefen maƙabarta.

Gwaggo ba ta ƙara ce mini komai ba, amma na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa bakina da na likita ne suka haɗu a kan yaron. Yaya kuma, tun da aka dawo da shi, cewa yake yatsun suna masa ƙaiƙayi, yana jin tururuwa na bin tafin, har ya tambayi Baba ko a lanƙwashe aka binne ta. Da rana tsaka in na bi ta gefen maƙabartar zan je rijiya, sai in ji kamar ana bina a baya da taku ɗaya. Takalmin Yaya na hagu, na ƙafar da aka yanke, na tsinta a bakin zaure, na ɓoye a akwatina tare da littattafan, har yau na kasa buɗe akwatin. Ran da Jibo ya zo gaishe shi yana ɗingishi, da ƙafafunsa biyu, bayan rumbu na gudu.

Ban sake shiga ɗakin Yaya ba. Kullum sai ya aiko a kira ni, in ce ina daka. Inna, ta yaya likita ya san wadda za ta mutu da wadda za ta rayu, in ba faɗar ce ta jawo ba? Ni na musanya ƙafar yayana da ta Jibo? In na shiga, me kuma bakina zai ce?

Taki cikin damuwa,
Mai Shiru, daga wajen Ƙarfi

'Yata Mai Shiru,

Na karanta har ƙarshe, na kuma kai tambayarki wajen wani likita mai aikin irin wannan rauni. Ya ce a bayan gwiwa akwai babbar jijiya guda, ita ke kai jini duk abin da ke ƙasa. In ta toshe, naman ƙafa awowi kaɗan yake iya jira, ba kwanaki ba. Yankan ƙarfe, duk ban tsoronsa, ana ganinsa, a ruga asibiti, a ɗinke. Gocewar gwiwa kuwa takan yage jijiyar ta ciki, fata lafiya lau, ba wanda ya sani. Saboda haka likita yake auna daɗewar raunin, da irinsa, yanka ne ko murƙushewa, ya nemi bugun jini, ya duba ko mutum yana jin allura, ko nama ya sandare. In waɗannan suka taru, zai iya faɗin abin da ya fi tsammani. Likitan Zariya karanta alama ya yi, kamar yadda Babanki zai kalli ganyen auduga ya san tsutsa ta riga ta shiga.

Ke ma abin da kika yi ke nan. Sa'ad da kika ji sanyin, jini ya daɗe da daina zuwa. Maganarki bayan ɓarnar ta zo, ba ita ta kawo ta ba. Addu'a kuma ba ciniki ba ce, ba a karɓar ƙafar wani a biya ta wani. Kin roƙa wa wanda kika ga jininsa ne, kamar kowa a garin. Zancen Jibo ki bar shi a zuciyarki tukuna, bai ci laifin kowa ba.

Kada ki riƙi Gwaggo. Ta raini yaron nan, ya fi mata sauƙi ta zargi baki da ta tuna kaskon wutar da ta kawo da hannunta. Mai ɗori ma ya gyara karaya da yawa a ƙasarku, jijiyar jini ce ba aikinsa ba. Likitan da na tambaya ya ce ko da an kai Buba da wuri, irin wannan ƙafar ba kullum ake cetonta ba, sai dai da an fi sa rai. Ki roƙi Baba ya kawo wani malamin asibiti daga Malumfashi ya yi wa gida bayani a gaban Gwaggo, ya kuma tambaye shi zancen sanduna da ƙafar katako. Masu karatu su ma su riƙe: ƙafar da ta yi sanyi ko ta daina ji bayan rauni a gwiwa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a lokacin, ko da jini ko babu.

Ƙaiƙayin da yayanki ke ji kuwa, kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa yana jin irinsa. Daga jikinsa yake, ba daga maƙabarta ba, yakan kuma ragu.

Abin da ya fi damuna daban ne. Saurayi ya rasa ƙafa, ƙanwar da yake saya wa littattafai ta daina shigowa. Me kike tsammani yake zato? Zai ɗauka kallonsa ne ba kya iyawa. Gobe ki ajiye taɓarya, ki kai kunun da hannunki. Ki buɗe akwatin nan, ki ɗauko takalmin ki ba shi, shi ya san yadda zai yi da abinsa. Ki ɗauko littafi ɗaya kuma. In maganar ta ƙi fitowa, ki zauna ki karanta masa, ki bari ya yi miki tsiyarsa.

Allah Ya ba Buba lafiya da haƙuri, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Innarki,
Barakatu