Muryar Inna da Lambar Iman

Dar Salam, Omdurman
8 ga Disamba, 2013

Zuwa ga ƙanena Salahuddin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Lauratu da yara. Mu dai sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mainasara direba, alhali kogi kawai ya raba mu. Ba zan kira ka a waya ba. Kai mutum ne da ko tari aka yi kusa da kai sai ka ɗauka a na'ura, ni kuwa na daina ba ka amanar muryata. Shi ya sa na koma wa ajamin da Baba ya koya mana.

Jiya na raka Iman ofishin da ake ba da raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa. Ka san in babu ita ba za a rubuta sunanta cikin masu jarrabawar shahada ta gama sakandare ba, kuma ƙarshen Janairu ake rufewa. Zuwanmu na huɗu ke nan. Wani jami'i ya kira mu ɗaki, ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya danna. Sai na ji Inna. Shekara goma sha biyu tana kabari, Salahu, sai ga ta a ofishin hukuma tana cewa, "Ni ce Nana Khadija, a Haɗeja aka haife mu ni da ƙanena Muhammad Sani, da ƙafa muka zo ƙasar nan, shi yana bisa jaki."

Muhammad Sani kawunmu ne, amma shi ne kuma uban mijina marigayi Mika'ilu, kakan Iman na wajen uba. Takardunsa sun ce a Jazira, nan cikin Sudan, aka haife shi. Na ce wa jami'in masu wannan suna sun fi a ƙirga. Sai ya tura maganar gaba, zuwa inda Inna ke sa wa jikoki albarka ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan "Iman 'yar Mika'ilu ɗan Muhammad Sani." Ya rufe fayil ɗin, ya ce jikar baƙo baƙuwa ce.

Kai ka sa wannan a intanet, ba ka shawarci kowa ba. Ka cire shi yau, ka ƙona kaset ɗin.

Yayarka,
Kubra


Alshajara, Khartum
11 ga Disamba, 2013

Zuwa ga Yaya Kubra,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta ɗiyata Iman. Lauratu na gaishe ki.

Takardarki ta same ni a shago, na karanta sau uku. Na cire shirin Inna daga intanet nan take. Sai dai ba zan ruɗe ki ba, magana zarar bunu ce. Duk wanda ya sauke shi a wayarsa yana nan da abinsa.

Kin ce ban shawarci kowa ba. Gaskiya ne. Amma ki bar ni in faɗa miki yadda abin nan ya shiga jinina, don ba ki taɓa tambaya ba, iyakarki ki ce "Salahu mai kaset" ki taɓe baki.

A shekarar 1991, ina koyon gyaran rediyo, wani malamin makaranta ya kawo rikoda ta lalace. Ya ce zai dawo Asabar. Bai dawo ba. Daga baya muka ji an zo an ɗauke shi daga aji, kin dai tuna yadda ake ɗaukar mutane a waɗannan shekarun. Na gyara ta, na ajiye masa shekara guda. Wata rana Malam Abdullah wanzami yana yi mini aski yana ba ni labarin yadda suka ƙetare Chadi da ƙafa, suna noma a kowane zango kafin su ci gaba, sai na danna jan maɓalli don gwaji. Bayan wata biyu ya rasu. Ranar sadakar bakwai na kunna wa 'ya'yansa, maza masu gemu suka fashe da kuka. Tun daga ranar ban sake zama lafiya ba.

Kowace Jumma'a bayan masallaci ina cikin hafla, motar haya, yau unguwar Kalakla, gobe wajenku, ina farautar tsofaffi. Wasu su kore ni su ce ɗan leƙen asiri ne, wasu su riƙe ni har la'asar. Wata tsohuwa ta ce sai na fara ɗaukar muryar akuyarta, na ɗauka, tana nan a kaset na sittin da biyu. Lauratu ta ce in gobara ta tashi kwalayen kaset zan fara fitarwa kafin ita. Na ce ai ita tana da ƙafa.

Shekara uku da suka wuce wani mai kawo mini gyara ya nuna mini yadda ake juya kaset a kwamfuta a ɗora a intanet, abin da samari ke kira bodkas. Na sa masa suna Zangon Gabas. Watan farko mutum goma sha ɗaya suka saurara, tara a cikinsu ni ne. Sannu a hankali saƙonni suka fara zuwa daga Jidda, daga Maraɗi, daga Kano. Da na sa na Inna, wani dattijo a Haɗeja ya aiko cewa rijiyar da ta ambata tana nan, har yau ana sha. Yaya, duk rayuwata a garin nan ana kiranmu 'yan babu asali. Ranar na ji kamar an ba ni gida.

Maganar albarka kuwa, na san sunaye suna ciki. Na ɗora yatsa zan yanke wurin, na kasa. Kin san tsofaffinmu ba sa rufe zance sai sun kira zuri'a kowa da sunansa da na ubansa. Wa ke yanke albarkar uwa ya jefar? Na ga kamar in na cire sunan Iman na cire ta daga addu'ar. Wautata ke nan, na yarda.

Amma kaset ba zan ƙona ba. Ba mu da hoton Inna ko ɗaya, don ba ta yarda a ɗauke ta ba. Wannan minti arba'in da bakwai su kaɗai suka rage. Ki koma wurin mutumin, ki ce masa an cire.

Ƙanenki mai laifi,
Salahuddin


Dar Salam
29 ga Disamba, 2013

Salahuddin,

Sallama da gaisuwa. Ka gaida Lauratu, ita ba ta yi mini komai ba.

Na karanta tarihinka. Ka iya zance, Inna ka gado. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ka ja, Iman yake duka.

Na koma sau biyu. Jami'in ya ce cirewa ba ta goge abin da kunne ya ji. Hanya ɗaya ya bari. Mai shirin ya zo da kansa ya sa hannu cewa matar nan ba uwarsa ba ce, labaran duk ƙirƙira ne. Ya faɗi haka a cikin shirin, kowa ya ji. Sannan kada a bar kaset ko ɗaya, don in aka zo bincike aka samu, takardar yarinya ta mutu har abada. Tun abin da ya faru a Satumba, da aka harbe 'ya'yan mutane a titi, ka san ba a wasa da kalmar bincike.

Iman ta tattara littattafanta ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Yarinyar da take cewa ita likitar haƙori za ta zama, yanzu in na yi mata magana sai ta amsa da Larabci, "Ma fi fayda, ya Yumma," wai babu amfani. Shekaranjiya ta tambaye ni, in ita ba 'yar Sudan ba ce, to 'yar ina ce, tunda ko garin Madani ba ta taɓa wucewa ba.

Kai an ba ka gida a Haɗeja. Madalla. Mu a nan muke kwana muke tashi. Shekara nawa muna ce wa yara su rufe baki da Hausa in sun shiga hafla? Kana tsammani don ba ma son harshenmu ne? Kawu Sani da ya ce a Jazira aka haife shi, ya yi shekara talatin yana tsinkar audugar Jazira har bayansa ya lanƙwashe. Ƙaryar nan da ita aka rufa mana asiri, kai ka yaye.

Kada ka zaci zuciyata dutse ce. Da na ji muryarta a ofishin nan, saura kaɗan in ce "Na'am, Inna." Na cije leɓe na ɗaure fuska don mutumin yana kallona. Amma Inna ta isa inda ba a tambayar takarda. Iman tana da kwana talatin da uku.

Wassalam,
Kubra


Alshajara
16 ga Janairu, 2014

Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Iman.

An gama. Na je ranar Lahadi.

Na ga mutumin naki. Ba zai wuce arba'in ba, Larabcinsa tsaf kamar na mai karanta labarai. Ya ce wani ne ya fassara masa shirin. Ya kunna tun daga farko, ya ce in saurara da kyau. Aka zo inda Inna ke ba da labarin jakinsu da ya ƙi shiga kwalekwale, har sai da Kawu Sani ya yi masa alkawarin zai kai shi Makka ya dawo Alhaji. Yaya, mutumin nan ya yi dariya. Babu mai fassara a ɗakin, ni da shi ne kawai. Ya yi maza ya mai da ita tari. Da aka kai kan albarka na zuba wa bakinsa ido, na ga leɓensa na motsi da amin.

Namu ne. Ba kawo masa shirin aka yi ba, sauraro yake yi, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Sai na gane abin da yake tsoro. In ya sa hannu a fayil ɗin Iman wani ya tono, za a tambayi dalilin da ya rufe ido, daga nan a tono nasa kakan. Na so in yi masa magana da Hausa ko kalma ɗaya. Ban yi ba, na tuna kwanakin da kika ƙirga.

Ya tsayar da muryar ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce na tsinta a kasuwa."

"Ba uwarka ba ce?"

Na ce, "Ban san ta ba. Ni na koya mata abin da za ta faɗa, na sa mata sunayen gidanmu don shirin ya yi armashi."

Ya rubuta, na sa hannu. Bai ɗago ya dube ni ba har na fita.

Ranar Litinin na ɗauki shiri na ƙarshe, minti biyu. Na ce ni Salahuddin maƙaryaci ne, duk tsofaffin Zangon Gabas 'yan wasa ne, babu wanda ya zo da ƙafa daga ko'ina. Sau shida ina sakewa saboda muryata na karyewa, kada a gane. Shekara ashirin da biyu ina koyon yadda ake tsabtace sauti, ga inda ya yi mini rana.

Talata da hantsi na kai kwalayen bayan shago, na zuba a rabin duro. Kaset ɗari biyu da goma sha huɗu, da abin da ke cikin kwamfuta, da rikodar malamin nan. Robar kaset ba ta ci da sauri, narkewa take yi tana wari, maƙwabta masu walda suka zo suna tambaya ko taya nake ƙonawa. Malam Abdullah ya tafi, mai akuya ta tafi. Na Inna na riƙe a hannu har wuta ta kusa mutuwa, sannan na jefa.

Saƙonni suna ta shigowa. 'Yar Malam Abdullah ta aiko daga Kalakla tana tambaya ko ubanta ma ɗan wasa ne. Dattijon Haɗeja ya rubuto kalma uku: Allah ya isa. Ban amsa wa kowa ba, ba kuma zan iya ba.

Ba na jin haushinki, Yaya. Kaina nake ji. Ki kai Iman ofishin ranar Lahadi mai zuwa.

Ƙanenki,
Salahuddin


Dar Salam
27 ga Janairu, 2014

Ƙanena Salahu,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya.

An ba Iman lambarta jiya. Yau da safe shugabar makaranta ta rubuta sunanta. Ta jawo kwalin littattafan ta kakkaɓe. Allah ya saka maka, ya yafe mana ni da kai.

Akwai abin da nake jin nauyin tambaya. Ɗazu ina tankaɗe sai Iman ta ce in faɗa mata yadda kakarta ta kira sunanta, don a ofis tsoro ya hana ta ji. Na buɗe baki zan kwaikwaya, na rasa. Kalmomin suna nan, amma muryar ta ɓace mini. Wadda na ji a gaban mutumin nan ma ban saurara ba, ina fama da fuskata. Mainasara ya taya ni tambaya wajen waɗanda suka sauke shirin a waya, kowa ya ce ya goge tun da ka ce ƙarya ne.

Na san halinka, ba ka jefar da ko ƙusa. Ka tabbata duka ka ƙona? Ba zan faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya kawai nake so in ji.

Yayarka,
Kubra


Alshajara
28 ga Janairu, 2014

Yaya,

Wa alaikumus salam.

Na tabbata. Duka.

Ki ce wa Iman ta yi karatu.

Salahuddin