Kunnen Auta

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawu da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Inna na nan da hawan jininta, amma tana shan magani.

Kin san da na gama jami'a na samu aiki a gidan adana kayan tarihi. Aikina rubuta ɗan bayanin da ake liƙawa ƙarƙashin kowane zane. Yanzu muna nuna zane-zanen da wani malamin makaranta ya yi da gawayi a kan takardar buhun siminti, a sansanin gudun hijira lokacin yaƙi. Duk yara ne. Shugabarmu ta sa an rataye su ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro, sai babba ya durƙusa kafin ya ga fuskokinsu.

Ni na matsa wa Baba ya zo ya ga inda nake aiki. Duk da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa gaban wani zane na yara a layin abinci, kowa da gwangwaninsa, ya kasa tashi. Ya nuna wani mai kumburarren ciki da tsagaggen kunne, ya ce Auta ne, ƙaninku da ya rasu a can, wanda ko hotonsa ba ku da shi. Ya ce in rubuta sunansa a ƙasa. Gwaggo, sai na ce masa ba a sa suna sai da shaida. Haka ƙa'idar take, ban yi ƙarya ba, amma a gaban mutane na faɗa, yana durƙushe. Tun ranar in na gaishe shi yakan amsa, sai dai ba ya ɗago kai. Inna ta ce boko ya cinye min kunya.

Shugabarmu ta ce in wani da ya san yaron ya ba da tasa shaidar daban, za ta yarda. Ke kika goya shi, kuma ban da Baba ke kaɗai kika rage. Don Allah ki rubuto min wane kunnen ne ya tsage, da yadda aka yi. Da gangan ban aiko miki da hoton zanen ba, ki yafe min. In kin manta, ki ce kin manta. Ko mece ce amsarki, ni zan gaya wa Baba da bakina, mu biyu kaɗai a ɗakinsa.

Inna na gaishe ki. Ki gaishe min da Kawu, da Yaya da jaririyarta.

Naki mai jiran amsa,
Ɗan ƙaninki